Yadda Guguwar Ruwa ke Ciyar da Hamadar Teku

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar noma ya san shuka ba ta yi sai da abu uku, watau ruwa da hasken rana da taki, kuma in ɗaya ya ɓace sauran biyun ba su hana yabanya ƙanjamewa. To, a tsakiyar manyan tekunan duniya akwai wurare masu faɗin gaske inda ruwa ya wadata, rana kuma tana dukansu shekara ko wace, amma taki ya yi ƙaranci ainun, har masana suka riƙa kiransu hamadar teku. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda wani irin juyi da ruwan teku yake yi yake kai taki ga tsirran waɗannan wurare, da kuma gardamar da ta taso tsakanin masana a kan yawan abin da yake kaiwa. An ɗauki Tekun Sargaso a matsayin misali domin a can ne aka fi daɗewa ana awo.

Kafin a yi nisa wajibi ne a daidaita kalmomi biyu. Tsirran da ake magana a kansu ba su da saiwa ko ganye, ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, suna yawo duk inda ruwa ya kai su. Turawa na ce musu fayitofilankiton. A nan za a kira su gansakukar teku, tun da yake danginsu ne ke sa ruwan kududdufi ya yi kore shar. Juyin ruwan kuwa za a kira shi guguwar ruwa. Sai dai mai karatu ya lura, ba mahaukaciyar iskar nan da ke rushe gidaje a bakin teku ake nufi ba. Ruwan ne da kansa yake kewayawa a hankali, kamar yadda guguwar rani take murɗa ƙura da tsinke a fili, amma fa faɗin wannan yakan kai kilomita 100 zuwa 200, kuma takan yi watanni tana juyi.

Dalilin da ya sa tsakiyar teku ta zama hamada

Tekun Sargaso yana cikin arewacin Atlantika, kuma ba shi da gaɓa ko ɗaya. Manyan kogunan cikin teku ne suka yi masa zobe: Kogin Galf ta yamma, na Arewacin Atlantika ta arewa, na Kanari ta gabas, na kusa da Ikwaita ta kudu. Tsibirin Bamuda yana cikinsa. Akwai irin wannan zobe guda biyar a duniya, biyu a Atlantika, biyu a Fasifik, ɗaya a Tekun Indiya, kuma a haɗe sun mamaye kusan kashi 40 cikin 100 na fuskar duniya. Ruwansu shuɗi ne garau, kuma wannan garau ɗin shi ne alamar talaucinsu, domin ruwa mai albarka kore-kore yake, da ɗan gurɓata.

Asalin talaucin yana ga yadda ruwan ya jeru hawa-hawa. Rana tana ɗumama na sama ya yi sauƙi, na ƙasa kuwa yana nan da sanyi da nauyi, saboda haka ba su gauraya, kamar man gyaɗa a kan ruwa. Tsakaninsu akwai wani hawa inda zafi yake raguwa da sauri, wanda za mu kira shamaki. Hasken da ya isa gansakuka ta haɗa abinci yana ƙarewa a wajen mita 100 zuwa 150 daga sama. Duk ƙwayar da ta mutu, da kashin ƙananan dabbobin da suka ci ta, suna nutsewa su ruɓe a cikin duhu, a can ne naitirojin da fosfaras ɗin da ke jikinsu suke narkewa su koma taki. Ashe ke nan haske yana sama ba taki, taki yana ƙasa ba haske. Bugu da ƙari, iskar da ke kaɗawa a kewayen zoben tana tara ruwan sama zuwa tsakiya, tana danna shi ƙasa sannu a hankali, watau tana ƙara nisanta takin daga haske.

Duk da haka wurin ba kango ba ne. A 1988 Sallie Chisholm da abokan aikinta suka ba da labarin wata ƙwaya da suka gano a wannan teku, mai suna Prochlorococcus, wadda faɗinta bai kai kashi ɗaya bisa dubu na milimita ba, ana kuma iya samun har 100,000 daga cikinta a mililita ɗaya na ruwa. Irin waɗannan ƙananan suna rayuwa ne da juya ɗan abin da ke hannu: wannan ta mutu, waccan ta sha takinta nan take. Tun a 1967 Dugdale da Goering suka bambanta tsakanin tsiron da ya dogara da wannan tsohon taki mai kewayawa, da wanda ya dogara da sabon taki da ya shigo daga waje. Bambancin yana da muhimmanci ƙwarai, domin sabon tsiro kaɗai ne riba. Gwargwadonsa ne teku yake iya ciyar da kifi, gwargwadonsa ne kuma kabon yake nutsewa ƙasa ya rabu da iskar da muke shaƙa. In aka tuna cewa gansakukar teku ita ke yin kusan rabin aikin haɗa abinci da hasken rana a duniya baki ɗaya, za a ga lissafin ba na wasa ba ne.

Lissafin da ya ƙi cika

Tun daga 1954 ake fita da jirgi daga Bamuda a kai a kai ana auna ruwa a wuri ɗaya, a 1988 kuma aka ƙara wata tashar awon da ta fi ta farko zurfafa bincike. Da William Jenkins da Joel Goldman suka duba waɗannan alƙaluma a 1985, sai suka lura da yawan iskar oksijin da ke taruwa a ruwan sama kowace bazara, da wadda ake cinyewa a ƙasa wajen ruɓewa. Oksijin kuwa shaida ce ta aikin tsirrai. Lissafinsu ya nuna sabon tsiron da ake yi a wurin ya fi ƙarfin takin da aka san yana shigowa. Babbar hanyar da aka sani ita ce ta lokacin sanyi, sa'ad da ruwan sama yake hucewa ya yi nauyi, iska ta gauraya shi da na ƙasa. Amma da aka haɗa wannan da sauran ƙananan hanyoyi, abin da aka samu bai kai rabin abin da ake bukata ba. Kamar manomi ne a iske rumbunsa cike, alhali takin da aka ga ya kai gona bai isa ya ba da rabin wannan amfani ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza: ko dai awon ne da kuskure, ko kuwa akwai wata ƙofa da taki yake shigowa ba a gani ba.

Guguwar ruwa ita ce aka fi zargi, kuma ba a daɗe da saninta ba a lokacin. Da can ana ɗauka ruwan tsakiyar teku yana gangarawa ne lumui. A 1959 da 1960 John Swallow na Ingila ya saki wasu na'urori masu yawo a cikin zurfi kusa da Bamuda, sai ya ga suna gudu fiye da yadda aka zata nesa ba kusa ba, kuma kowace da inda ta nufa. Masanan Tarayyar Sobiyat sun yi wani babban awo a Atlantika a 1970, na Amurka da Ingila suka yi nasu a kudu maso yammacin Bamuda a 1973, aka tabbatar teku cike yake da waɗannan guguwoyi. Bayan da aka harba tauraron ɗan'adam na TOPEX/Poseidon a 1992, wanda ke auna tudu da kwarin fuskar ruwa, sai aka sami damar ƙirga su. Dudley Chelton da abokan aikinsa sun bayyana a 2011 cewa a cikin awon shekara 16 sun bi sawun guguwoyi fiye da 35,000 waɗanda kowace ta rayu aƙalla mako 16, kuma akasarinsu yamma suke nufa, suna tafiyar 'yan kilomitoci a rana.

Yadda guguwa take ɗaga taki

Juyin da duniya take yi yana karkatar da duk ruwan da ke tafiya, zuwa dama a arewacin Ikwaita, zuwa hagu a kudancinsa. A arewa, guguwar da ke kewayawa akasin hannun agogo tana tura ruwan sama zuwa gefe, saboda haka tsakiyarta takan lotsa da 'yan santimitoci. Wannan ɗan lotsawa da ba mai lura da shi daga jirgi yana da babban sakamako a ƙasa: tun da nauyin da ke danne ruwan zurfi ya ragu, sai shamakin ya kumburo sama kamar tudu, wani lokaci da mita 50 ko fiye. Ruwa mai sanyi mai taki da yake cikin duhu sai ga shi a cikin haske. Wannan ita ce guguwa mai sanyin ciki. Wadda ke bin hannun agogo kuwa tana tara ruwan ɗumi a tsakiya, ta danna shamaki ƙasa, ita ce mai ɗumin ciki.

Mai karatu na iya cewa ai in wata ta ɗaga wata ta danna, an tashi canjaras. Ba haka ba ne, kuma a nan hikimar bayanin take. Ruwan da aka ɗaga yana zuwa da taki, gansakuka ta shanye shi cikin 'yan kwanaki, ta hayayyafa. Ruwan da aka danna kuwa dama ba shi da taki, saboda haka ba a yi asarar kome ba da ya shiga duhu. Ɗagawa tana kawo riba, dannawa ba ta kawo faɗuwa. Abin ya yi kama da huɗa, inda garma take juyo ƙasar da ke ciki zuwa sama. Paul Falkowski da abokan aikinsa sun auna irin wannan ƙaruwar tsiro a cikin wata guguwa kusa da Hawayi, suka buga sakamakon a 1991. A 1998 kuma Dennis McGillicuddy da abokan aikinsa suka yi lissafin cewa takin da guguwoyi suke ɗagawa a Sargaso ya kusa cike giɓin da Jenkins ya gano.

Amma a cikin wannan shekara ta 1998 Andreas Oschlies da Véronique Garçon suka fito da nasu lissafin na kwamfuta, wanda ya ba guguwoyi kimanin kashi ɗaya bisa uku na takin da ke shiga haske a wannan yanki na Atlantika, ya kuma nuna hakan bai isa ya cike giɓin tsakiyar zoben ba. Hujjar masu shakka tana da ƙarfi, kuma a ganina ita ce ta fi kowace cancantar a tsaya a kanta. Guguwa tana ɗaga taki ne a lokacin da take ƙara ƙarfi kaɗai. Da zarar tudun ya tsaya, an kuma shanye abin da ya zo da shi, sai ta ci gaba da tafiya fayau. Idan ta mutu ruwan ya koma ƙasa ba taki, kuma guguwar da ta biyo baya ba za ta tarar da kome ba sai an sake cika wannan hawa, ko ta hanyar ruɓewa ko ta kwararowar ruwa daga gefe, abin da ke cin watanni. Huɗa ba ta ƙirƙirar taki, wanda ke cikin ƙasa take juyowa, kuma gonar da ake ta huɗa ba a kai mata taki ƙarewa take yi.

Abin da jiragen bincike suka gani

A 2004 da 2005 an tura jirage su bi guguwoyi ɗaya bayan ɗaya a Sargaso da kuma bayan tsibirin Hawayi, tauraron ɗan'adam yana nuna musu hanya. Abin da ya fi ba da mamaki a Sargaso ya fito ne daga wata iri ta uku. A wannan teku akwai wani kauri na ruwa mai zafin digiri 18 da ke kwance a ƙarƙashin ruwan sama. Wani lokaci guguwa takan naɗe dunƙule daga cikinsa, ya zama kamar ƙwai a kwance: samansa ya tura ƙaramin shamaki sama, ƙasansa ya danna babban shamaki ƙasa. Daga sararin sama ana ganinta tamkar mai ɗumin ciki, domin hannun agogo take bi, amma kusa da haske ɗaga ruwa take yi. A cikin wata irin wannan da aka yi wa lamba A4 an tarar da tarin gansakukar da ake kira dayatom, masu ɓawo na gilashi, a wajen mita 100 daga sama, yawansu ya zarce abin da aka saba aunawa a tashar Bamuda nesa ba kusa ba, kuma sun daɗe ba su ƙare ba.

Me ya hana takinta ƙarewa? Iska ce. Idan iska tana kaɗawa a kan guguwa, a gefe ɗaya tana tafiya tare da ruwan, a ɗaya gefen tana karo da shi. Inda suke karo ta fi jan ruwan da ƙarfi. Wannan bambanci, in aka haɗa shi da karkatarwar da juyin duniya yake yi, yana yaye ruwan sama daga tsakiyar guguwa mai bin hannun agogo, na ƙasa ya taso ya maye gurbinsa. An zuba wani sinadari a cikin A4 aka bi sawunsa, aka ga yana hawa kimanin santimita 40 a rana. Tafiyar hawainiya ce, amma ba ta yankewa muddin iska tana kaɗawa. A cikin mai sanyin ciki kuwa iskar akasin haka take yi, tana danne abin da guguwar ta ɗaga.

A Hawayi darasin daban ne. Wata guguwa mai sanyin ciki da aka sa wa suna Opal ta haifar da tarin dayatom a farkon 2005, aka yi tsammanin kabon mai yawa zai nutse. Da Claudia Benitez-Nelson da abokan aikinta suka auna, sai suka ga ƙananan dabbobi sun cinye akasarin abin tun yana sama, abin da ya ƙaru wajen nutsewa galibi ɓawon gilashi ne fanko. Saboda haka yawan tsiro ba lalle ne ya zama yawan kabon da aka binne ba.

Daga nan bayanin farko na cewa mai sanyi albarka, mai ɗumi fari, ya riƙa samun kwaskwarima. A kudancin Tekun Indiya an ga masu ɗumin ciki ne suka fi kore a lokacin sanyi, domin a cikinsu gaurayawar ruwa takan yi zurfi har ta taɓo taki, wasunsu kuma daga gaɓar yammacin Ostireliya suka ɗauko ruwansu mai albarka. Ɗauko ruwa daga wani wuri ma babban aiki ne na guguwa: Kogin Galf yakan yi lanƙwasa har ta tsinke ta zama zobe, ta shiga Sargaso ɗauke da ruwan sanyi na arewa da duk abin da ke cikinsa. Chelton ya nuna cewa mafi yawan bambancin launin da tauraron ɗan'adam yake gani a kewayen guguwoyi motsawa ce kawai, kamar ludayi a cikin fura, ana jan kore zuwa cikin shuɗi. Tauraron kuwa 'yan mitocin sama kaɗai yake gani, tarin A4 da ke mita 100 ya ɓuya masa. Har ila yau a bakin guguwoyi akwai ƙananan murɗe-murɗe na kilomita 1 zuwa 10, inda ruwa yake hawa da sauka da mitoci masu yawa a rana. Tauraron SWOT da aka harba a Disamba 2022 an gina shi ne domin ya ga juyin da ya fi ƙarfin idon na da.

Gefen Afirka

A gaɓar Muritaniya da Senigal iska tana ɗago ruwan zurfi da kanta, shi ya sa wurin yake da kifi. Guguwoyin da ke tsinkewa daga nan suna kwashe wannan ruwa su yi yamma da shi, watau ribar tsakiyar teku ragi ce ga gaɓa. Wasunsu sukan rufe ruf, ruwan cikinsu ba ya gauraya da na waje. Gansakuka tana hayayyafa a sama, tana ruɓewa a ƙasa kaɗan, har oksijin ya kusa ƙarewa ƙaf a 'yan mitoci goma-goma daga sama. Johannes Karstensen da abokan aikinsa na Kiel a Jamus sun ba da labarin irin waɗannan a 2015, daga awon da aka yi kusa da tsibiran Kef Bade. Kifin da ke bukatar oksijin ba ya iya zama a cikin wannan hawa.

Giɓin lissafin Sargaso ma ba guguwa kaɗai ake jingina wa ba a yau. Akwai wata gansakuka mai suna Trichodesmium da ke ɗaukar naitirojin kai tsaye daga iska, kamar yadda ƙwayoyin da ke saiwar wake da gyaɗa suke yi, saboda haka ba ta jiran a ɗago mata shi daga ƙasa. Abin da take bukata da yawa shi ne sinadarin ƙarfe, kuma a Atlantika ƙurar Sahara ce take kai mata. Ɗaya daga cikin manyan wuraren da wannan ƙura take tasowa shi ne kwarin Bodele a ƙasar Chadi, wanda a da can ƙasan babban tafki ne, ƙasarsa kuwa galibi ɓawon dayatom ne na ruwan daɗi da suka mutu shekaru dubbai da suka wuce. Wani sashe na hazon da ke rufe Kano da Damagaram da hunturu daga can yake, yana kan hanyarsa ta zuwa teku.